Mai Karatun Inna

Tunda nake ban taɓa jin Innarmu ta kira sunan Adda Ma'u ba, ko da wasa. Adda ce 'yar fari, ni Bahijja ni ce auta. Mu Fulanin bayan Roni ne, irin waɗanda suka zauna wuri ɗaya, ana kiwo ana noma, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta hawa tabarma ɗaya da shi. In Inna za ta yi zancen Adda sai ta ce "waccan", ko "ta Kazaure". Ni kuwa sunana ya sha kira har ya gaji, daga asuba ake fara shi.

Abu ɗaya ne kawai ya taɓa haɗa su, shi ne karatun littafi. Shi ya sa lokacin da kunnen Inna ya fara toshewa hankalina ya tashi, don na san in ya rufe gaba ɗaya, to ita da 'yarta ta fari sun rabu ke nan alhali kowa yana raye.

Ana yaye Adda aka miƙa ta ga Kawu Haladu, yayan Inna, wanda yake aikin gwamnati a Kazaure. Shi ya sa ta a makarantar boko. A bayan kasuwa a lokacin akwai wani dattijo mai rumfar hayar littattafan Hausa, a nan Adda ta kamu da son karatu. Yarinya ce shiru-shiru, doguwa, mai tafiya kai a ƙasa, amma in ta buɗe littafi ta fara karantawa da ƙarfi sai ka rantse wata aka canjo. Tana yin muryar tsoho, tana yin ta yarinya, in mugu ya shigo labari har hancinta take toshewa.

Da hutu ake kawo ta gida. Bayan la'asar sai ta zauna gindin darbejiyar tsakar gida ta ce za ta karanta wa yara. Mu taru. Inna kuma sai ta ɗauko kabarta da basilla ta zauna can gefe, ta juya mana baya, wai saƙar faifai take yi, babu ruwanta da mu. Kowa ya san ƙarya ce. In labari ya kai wurin tsoro sai ka ga basillar ta tsaya cak a sama. In an kai wurin dariya, kafaɗunta ne suke rawa. Wata rana Adda ta tsaya shan ruwa a daidai inda ake neman wani mutum a daji, sai Inna ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ke Bahijja, tambayi mai karatun nan, an gan shi kuwa?"

Na ce, "Adda, wai an gan shi?"

Adda ta ce, idonta a kan takarda, "Ki ce a yi haƙuri, yanzu za a ji."

Tun daga ranar Adda ta samu suna a bakin Inna: mai karatun nan. Ni kuma na zama 'yar aike tsakanin mutum biyu da ba su fi taku biyar da juna ba.

Sai dai Adda tana da wani ciwo, wato tsoron kada littafi ya ƙare mata. Asalinsa na sani. Littattafan nan kashi-kashi suke zuwa, na ɗaya, na biyu, na uku. Ta taɓa karanta mana na ɗaya da na biyu na wani labari, ta koma ɗauko na uku, dattijon ya ce wata ta tafi da shi Ɓaɓura ba ta dawo da shi ba. Sauran hutun nan kaf ba a yi karatu ba. Bayan la'asar Inna takan fito da kabarta ta zauna, ta ga ba a taru ba, ta tattara ta koma ɗaki. Adda ta ga wannan da idonta, kuma bai taɓa barinta ba. Daga nan ba ta ƙara fara littafi ba sai da wani a jaka. Tana karatu tana matsa sauran shafukan da yatsu biyu, in ta ji sun yi siriri sai ta fara jan magana, ta yi tari, ta tambaye mu inda aka tsaya, alhali ta fi kowa sani.

Ta yi aure a Kazaure, ta auri Malam Hussaini malamin firamare, ta koyi ɗinki ta ajiye keke a zaure. Hannunta yana da kyau, matan unguwa har layi suke yi gab da salla. Duk da haka ranar Asabar ba ta karɓar ɗinkin kowa. Za ta hau mota ta sauka Roni, ɗan acaɓa ya ƙaraso da ita, ta durƙusa daga bakin ƙofar Inna ta gaishe ta, Inna ta amsa tana kallon bango. Mu yaran da ake fakewa da mu duk mun girma, ni ma na yi aure a gidan da ke bayan namu, amma ba a fasa ba. Adda takan ce, "Bahijja, zo na karanta miki." Na baro aikina na zo na zauna kamar wata sakara, ana karanta wa uwata labari da sunana.

Ana nan Malam Hussaini ya saya mata babbar waya. Allah ya sani da kyakkyawar niyya ya yi.

Wata mai kawo ɗinki ce ta sa ta a guruf ɗin marubuta, inda ake turo labari shafi-shafi kullum, wasu kuma a turo shi dunƙule. Ranar da Adda ta nuna min wayar, kafin mu gama gaisuwa ta miƙo min ita. Ta ce, "Bahijja, kin ga wannan? Duk littattafai ne. Ba haya, ba jira, ba wadda za ta tafi da na uku Ɓaɓura." Na taya ta murna har zuciyata, na ce to Alhamdu lillahi, ciwo ya warke.

Ina! Ashe sabon tashi zai yi. Daga guruf ɗaya ta shiga biyar, daga biyar na daina sani. Duk abin da aka turo sai ta sauke, ko ta san marubucin ko ba ta sani ba. Waya ta cika, ta sayi memori. Shi ma ya cika, ta sayi wani, ta ƙulle tsohon a gefen ɗankwali kamar laya. Littattafan da ta tara, ko shekarun Kawu Haladu za a ƙara mata a kan nata ba za ta gama su ba, amma tsoron bai ragu ba, wuri kawai ya canja. Yanzu kada caji ya ƙare, kada data ta ƙare, kada a cire ta daga guruf, kada waya ta faɗa ruwa. In an ɗauke wuta a unguwarsu sai ka gan ta tana zagaye gida kamar kazar da za ta yi ƙwai. Kuma abin haushin, ta daina gama littafi. Ta karanta farko, ta leƙa ƙarshe, ta tsallaka wani. Na ce, "Adda, wanne kike karantawa yanzu?" Wallahi ba ta iya faɗa min ba.

Akwai littafin takarda da muke tsakiyarsa lokacin da wayar ta zo, labarin wani direban babbar mota da ya tafi Agadas bai dawo ba, 'yarsa ta bi sawunsa. Inna tana son labarin nan ƙwarai. An tsaya daidai inda yarinyar ta isa wata tasha aka ce mata an ga mai kama da ubanta. Adda ta karɓi tsinken kaba a hannuna ta sa a wurin, ta ce sai wata Asabar. Wata Asabar ɗin da waya ta zo, ta ce wancan ya tsufa, ga sababbi masu zafi.

Karatu a waya kuwa bai yi ba. Gidanmu yana cikin duwatsu, sabis sai an hau dutsen bayan garke. Adda tana zuwa, kafin ta gama gaisuwa ta haye dutse tana ɗaga waya sama, wai kada a turo ci gaba ya wuce ta. In ta sauko ta zauna, karatun da sauri-sauri, babu muryar tsoho, babu ta mugu. Saƙo ya shigo ta tsaya dubawa. Ta yi shafi kaɗan ta ce, "Kai, wannan ba daɗi, bari na canja." Inna ta ce, "Bahijja, tambayi mai karatun nan, ina matar da ta haihu ɗazu?" Adda ta ce, "Ki ce ai wancan wani littafin ne daban." Basillar Inna ba ta ƙara tsayawa ba. Daga baya zuwan Asabar ɗin ma ya fara tsallake, yau ɗinki ya yi yawa, gobe ciwon kai, kuma na san ciwon kan na kallon waya ne.

Rannan sai ga ta da ƙaramar rediyo mai cin memori, sabuwa a kwali. Ta sa an cika mata ita da littattafan da ake karantawa a murya. Fuskarta fal murna ta miƙo min, ta ɗaga murya yadda Inna za ta ji daga ɗaki, ta ce, "Bahijja, ga wannan a ajiye a gida. Ko shekara za a yi ana ji ba zai ƙare ba. Ba sai an jira kowa ba."

Ita a ranta ta yi abin kirki. Ta ɗauka irin tsoronta ne da Inna, na kada labari ya ƙare.

Da ta tafi na kunna. Muryar wani namiji ta fito, mai kauri, yana karatu tiryan-tiryan. Inna ta saurara kaɗan ta ce, "Wannan ɗan gidan wa ne?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To kashe, kada batir ɗin mutane ya ƙare." Ta mayar da ita kwali ta sa a cikin babbar ƙwaryar jerenta ta rufe da faifai. Ba ta ƙara fitowa ba.

A daminar bara Inna ta yi zazzaɓi mai zafi. Ta tashi, amma kunnen hagu bai tashi da ita ba. Muka kai ta asibiti, aka duba, aka ce na hagun ya tafi, na daman ma yana bin sa a hankali, sai dai a lallaɓa. Na kira Adda na faɗa mata. Ta yi salati, ta yi addu'a. Sannan ta ce, "To Bahijja, ki riƙa ƙure mata ƙarar rediyon."

Na cire wayar daga kunnena na dube ta. Don dai yayata ce, da na faɗi maganar da za a yi shekara ana sasanta mu.

Bayan an gama girbi, wata rana Inna ta kira ni ɗaki. Ta sauke faifan da ke kan wata ƙwarya, ta ɗauko littafin direban nan, nannaɗe a tsohon ɗankwali. Ta miƙo min tana kallon ƙofa, ta ce da ƙarfi, don yanzu ba ta jin kanta sosai, "Wannan na mutane ne, aka manta. Ki mayar musu."

Na ce, "Inna, in kina so ni sai na ƙarasa miki. Ai na iya."

Ta ce, "Me?"

Na matsa kusa da kunnen dama na maimaita.

Ta ce, "Ke muryarki ta faɗa ce. Kai musu kayansu."

Na san Innata. Da ta ce a kira mata 'yarta gara ta haɗiye garwashi. Wannan "ki mayar musu" shi ne iyakar kiran da za ta iya yi.

Washegari na hau mota sai Kazaure. Na tarar da Adda a zaure kan keke, ta jingina waya da kwalin zare, ƙafa tana taka keke, ido yana kan waya. Ta rame, idanunta sun yi ja. Muka gaisa, na ajiye littafin a kan atamfar da take ɗinkawa, na ce, "Inna ta ce a mayar wa masu shi."

Ta yi 'yar dariya. "Lah, wannan? Ai ina da shi a waya har ƙarshe. Ina jin yana cikin rediyon ma. Bari ki gani." Ta shiga nema. Ta ja sama, ta ja ƙasa, sunaye suna ta wucewa ba iyaka. Ta kwance gefen ɗankwali ta canja memori. Babu. Ta ce ko a ɗayan yake.

Na ce, "Adda, rediyon tana cikin ƙwarya tun ranar da kika kawo ta. Sau ɗaya aka kunna. Inna cewa ta yi ba ta san ɗan gidan wa ne yake magana ba."

Ta ajiye wayar ta buɗe littafin, ya buɗe da kansa a inda aka tsaya. Tsinken kabar da ta sa ba shi ne a wurin ba. Wata 'yar siririyar saƙa ce, ja da kore, irin adon da Inna take yi a bakin faifan amare, an yi ta daidai tsawon shafin. Matar da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, ita ta zauna ta saƙa wannan don kada wurin ya ɓata.

Adda ta daɗe tana kallonta. Sai ta jawo atamfar mutane, da allurai a jiki, ta rufe fuskarta. Ban taɓa ganin babba ya ji kunya irin wannan ba, har ni da na zo da faɗa a bakina na rasa inda zan sa idona. Daga cikin atamfar ta ce, "Bahijja, da wane ido zan shiga gidan nan?"

Na ce, "Da wanda kika saba. Ai dama ba kallon juna kuke yi ba."

Ranar Asabar ta zo. Wayar tana jaka, jakar kuma ta bar ta a ɗakina. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta yi gaisuwa, Inna ba ta amsa ba sai da na taɓa ta na nuna mata. Bayan la'asar Adda ta zauna gindin darbejiya ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Bahijja, zo na karanta miki." Inna ta fito da kabarta ta zauna inda ta saba, ta juya baya.

Adda ta fara. Da farko muryar tana rawa, can sai ta dawo, tsohuwar muryar nan. Ta yi ta yarinyar, ta yi ta ɗan kamashon tasha, ta toshe hanci ta yi ta wani macuci da ya ce a biyo shi lungu. Ni da na san ba don ni ake yi ba sai da tsigar jikina ta tashi. Na saci kallon Inna. Basilla tana shiga tana fita, ba ta tsaya ba. Aka wuce wurin tsoro, aka zo wurin dariya, kafaɗunta ba su motsa ba. Adda ma ta gani, ta ƙara murya, ta ci gaba har inuwa ta matsa daga kanmu.

Sai Inna ta ce da ƙarfi, yadda har maƙwabta za su ji, "Ke Bahijja, tambayi mai karatun nan, wai ba za a fara ba ne?"

Littafin ya kusa faɗuwa daga hannun Adda. Ta dube ni, ni kuma na kalli ƙasa.

Adda ta miƙe. Ta ja tabarmarta, tana jan ta a ƙasa, ta wuce ni, ta kai ta har jikin tabarmar Inna ta ɓangaren dama. Ta zauna, gwiwarta tana taɓa bayan Inna. Na ga bayan Inna ya sandare. A gidanmu ba a taɓa yin haka ba, kuma ga matan maƙwabta sun fara leƙowa ta kan danga. Na ce a raina yanzu Inna za ta tattara kabarta ta shige ɗaki. Ba ta tashi ba. Mayafinta kawai ta jawo ta rufe gefen fuskarta na hagu, ta bar kunnen dama a buɗe.

Adda ta koma inda saƙar take, ta kai bakinta kusa da kunnen, ta sake farawa daga tashar. Ihu take yi sosai, hawaye yana sauka a kan takarda tana sharewa da babban yatsa, kanta a sunkuye don kada ta ga masu leƙe. Babu daɗin ji ko kaɗan, muryar tsoho da ta yarinya duk sun zama ɗaya. Da aka zo inda macucin ya ce a biyo shi lungu, basillar Inna ta tsaya a sama.

Ba a daɗe ba na ga yatsun Adda biyu sun koma tsohon halinsu, suna matsa sauran shafukan. Sun yi siriri ƙwarai. Inna ba ta juyo ba, amma ta miƙo hannu ta baya, ta lalubi gefen littafin, ta matsa shi ita ma, yatsunta a kan na Adda.

Ta ce, "Bahijja."

Na ce, "Na'am, Inna."

"Ki ce wa mai karatun nan ta riƙa ja a hankali. Saura kaɗan."